Wasiƙa Daga Delhi: Kafin a Sayar da Gona a Taho Jinya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku da fatan alheri, da fatan iyali da harkoki duk lafiya. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Tun da na zauna a Delhi, saƙon da ya fi zuwa mini daga gida iri ɗaya ne: hoton takardun asibiti ta WhatsApp, a ƙasa kuma tambaya, "Nawa za a kashe idan an kawo shi?" Ina amsawa gwargwadon iko, amma maganar ta fi ƙarfin farashi, kuma saƙon waya ba ya ɗaukarta. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto muku a tsanake.

Bari in fara da yadda ƙasar nan ta kai inda take, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki. A shekarun 1970, attajirin Indiya da zuciyarsa ta samu matsala abin da namu suke yi yau shi yake yi, ya haɗa kuɗi ya nufi Landan ko Amurka. Wanda ba shi da hali ya koma gida ya jira ikon Allah. Dokta Prathap Reddy, wanda ya yi aiki a Amurka kafin ya dawo Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, ya sha ba da labarin wani majinyacinsa da ya rasu da sauran ƙuruciyarsa saboda ya kasa haɗa kuɗin zuwa Amurka a yi masa aikin zuciya. Abin ya tsaya masa a rai har ya buɗe asibitin Apollo a 1983 da gado 150. Dokta Naresh Trehan ya baro New York ya jagoranci asibitin zuciya na Escorts a Delhi daga 1988, daga baya ya gina Medanta a Gurgaon a 2009. Dokta Devi Shetty ya ƙware a asibitin Guy's na Landan, ya dawo gida a 1989, ya kafa Narayana a Bangalore a 2001. Dukkansu sun ga waje, sun samu wurin zama a can, kuma sun dawo.

Da suka dawo ba fili suka tarar ba. Akwai makarantun likitanci masu ƙarfi, irin AIIMS ta Delhi da aka kafa a 1956 da ta Vellore wadda tushenta ya koma 1900, ga jihar Kerala tana yaye ma'aikatan jinya ba ƙaƙƙautawa. Akwai kuma magani mai araha. Dokar mallakar fasaha ta 1970, zamanin Indira Gandhi, ta ba kamfanonin ƙasar damar haɗa maganin da wani ya ƙirƙiro muddin sun bi tasu hanyar haɗi. Mu ma mun ci moriyar wannan: a 2001 kamfanin Cipla ya ce zai sayar da haɗin maganin ƙanjamau na shekara guda a kan dala 350, lokacin da kamfanonin Turai da Amurka suke karɓar sama da dala 10,000. Da aka buɗe tattalin arziƙi a 1991, shigo da na'urori da samun jari suka yi sauƙi. Sai a 2005 gwamnati ta fito da biza ta musamman don masu zuwa jinya, a shekarar ne kuma Apollo na Delhi ya zama asibitin Indiya na farko da ya samu shaidar ingancin nan ta Amurka da ake kira JCI.

Ku lura da jerin nan. Baƙo a ƙarshe ya zo. Asibitocin nan saboda 'yan ƙasa aka gina su, da suka tsaya da ƙafafunsu sai maƙwabta suka ji labari, sannan na nesa. A 2019 mutum kusan 700,000 ne suka shigo Indiya neman magani. Korona ta karya harkar, daga baya ta farfaɗo. Fiye da rabin masu zuwa 'yan Bangladesh ne, har ma da aka tsaurara musu biza bayan faɗuwar gwamnatin Sheikh Hasina a Agustan 2024, asibitocin Kolkata sun ji a jikinsu. Sauran daga Iraƙi suke da Afganistan da Oman, sai mu 'yan Afirka: Kenya, Tanzaniya, Habasha, Sudan, Najeriya. Idan ka shiga unguwar Lajpat Nagar za ka ga kantunan magani da allunansu a rubutun ajami irin na Afganawa, saboda yawan masu jinyar da suka mayar da wurin masauki.

Arahar da ake magana gaskiya ce. Aikin jijiyoyin zuciya a nan sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa a Amurka ba. Albashi da magani suna da sauƙi, amma babban sirrin yawan aiki ne. Telan da yake ɗinka kaftani goma a rana hannunsa ya fi faɗawa a kan mai ɗinka ɗaya a mako, haka likitan da yake buɗe ƙirji kullum. Asibitin ido na Aravind a Madurai, wanda Dokta Venkataswamy ya fara a 1976 da gado 11, yau yana yin aikin ido dubban ɗaruruwa a shekara, kusan rabi kyauta ko a kuɗi kaɗan. Da suka ga gilashin da ake sa wa a ido bayan cire yana ya yi tsada, sai suka kafa masana'antarsu a 1992, farashin ya faɗo daga kusan dala 100 zuwa ƙasa da 10. Duk lokacin da na tuna tsofaffinmu da yana ta rufe musu ido a ƙauyuka, wannan labarin yana taɓa ni fiye da na manyan gine-ginen gilashi.

Kada kuma a ɗauka kowa a nan yana cikin daula. Ka bi ta ƙofar AIIMS da daddare lokacin hunturu, ka ga talakawan da suka taso daga Bihar da Uttar Pradesh kwance a gefen titi cikin barguna suna jiran layi. A watannin Afrilu da Mayu na 2021 mutane sun mutu a garin nan saboda rashin iskar numfashi a asibitoci. Ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani matsala ce da likitocinsu da kansu suke kuka da ita. Hayaƙin Delhi a watan Nuwamba kuwa, mai ciwon huhu ko asma ya nemi wani garin ko wani lokacin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Indiya aikin tiyata take sayarwa, kuma ta iya shi. Abin da ya gabaci aikin da abin da zai biyo bayansa a gida suke, a nan ne kuma nake ganin mutanenmu suna asarar dukiya da rai.

Ɗauki dashen ƙoda, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kawo mu. Iyali sun gaji da kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, sai a sayar da gona ko gida, a kafa gidauniya a Facebook, a haɗa kuɗin dashe cif-cif. A zo a yi aiki, a dace, a koma gida ana murna. Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne, jiki yana ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, kuma zai yi ta yaƙarta har ƙarshen rayuwa. Magungunan da suke danne wannan yaƙin, irin su takrolimus, kullum ake shan su, safe da dare, ba hutu. Ana auna yawansu a jini lokaci zuwa lokaci, domin idan sun yi kaɗan jiki ya ƙi ƙodar, idan sun yi yawa su da kansu su lalata ta. Ga garkuwar jiki ta yi rauni, zazzaɓin da wani zai sha magani ya warke, shi yana iya kwantar da mai dashe. Na san wani magidanci da ƙanwarsa ta ba shi ƙoda, aiki ya yi kyau ƙwarai. Da guzurin maganin da ya tafi da shi ya ƙare, kuɗi babu, sai ya fara tsallake kwanaki don ya ja abin da ya rage. Ya koma kan injin wanki, ita kuma baiwar Allah ta rage da ƙoda ɗaya. Ba sakaci ya yi ba, ba wanda ya zaunar da shi tun farko ya ce masa kuɗin dashe somin-taɓi ne. Don Allah duk mai haɗa kuɗin dashe ya haɗa da na maganin aƙalla shekara biyu, ya kuma san sunan likitan ƙodar da zai riƙa duba shi a gida tun kafin ya hau jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokar dashe a nan tana da tsauri. Tun 1994 aka haramta cinikin sassan jiki, aka ƙara ɗaure dokar a 2011 bayan badaƙalar ƙoda da aka bankaɗo a Gurgaon a 2008. Baƙo zai zo ne tare da mai ba shi ƙodar daga gida, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya kasance ɗan'uwa na kusa: uwa, uba, ɗa, 'ya, wa, ƙane, ya, ƙanwa, miji, mata, kaka ko jika. Ofishin jakadanci zai ba da shaidar dangantaka, kwamiti zai zauna ya yi wa kowa tambayoyi, ana iya yin gwajin jini don tabbatarwa. Duk wanda ya ce muku zai samo mai bayarwa a nan, ko zai gyara takardu yaron gida ya zama ɗa, kurkuku yake nuna muku.

Wannan ya kawo ni kan dillalai. Akwai na kirki a cikinsu, masu tarbar mutum a filin jirgi, su sama masa masauki, su yi masa tafinta. Amma ku sani kamashonsu a cikin kuɗinku yake, kuma wani asibitin da ya fi biyan sa zai kai ku, ko da ba nan ne aka fi ƙwarewa a kan ciwonku ba. Na taɓa raka wani dattijo karɓar takardar kuɗi, muka tarar abin da dillali ya karɓa a hannunsa tun daga gida ya zarce abin da asibitin ya rubuta nesa ba kusa ba. Kowane babban asibiti yana da ofishin baƙi. Ku aika musu takardu kai tsaye, ku aika wa biyu ko uku, ku kwatanta. Kuɗi a zuba a asusun asibiti, a karɓi rasit. Ƙiyasin da za su turo ba shi ne ƙarshe ba, kwana kaɗan a ɗakin kulawa ta musamman yana iya ninka shi. Ga dala: kafin Yunin 2023 a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Katin rigakafin shawara kada a manta shi, babu shi ana killace mutum har kwana shida. Bizar 'yan rakiya mutum biyu take ɗauka, amma kowane ƙarin mutum ƙarin haya ne da abinci. A riƙo kuka da kuɓewa da daddawa, garin da suke kira suji yana yin tuwo, domin marar lafiyar da ya kasa cin abincinsu mai yaji ba ya saurin murmurewa.

Ciwon daji shi ya fi karya mini zuciya. Yawancin waɗanda ake kawowa sun yi wata da watanni ana maganin gyambon ciki ko basir ko sammu, sai ciwo ya bazu sannan a taso. Kafin a sayar da komai, a turo sakamakon gwajin tsoka da hotuna, a yi wa likita tambaya ɗaya ƙarara: warkewa ake nema ko sassauci? Idan sassauci ne, yawancinsa ana iya yin sa a Kano ko Zariya ko Yamai, mutum yana tsakanin 'ya'yansa. Rai a hannun Allah yake, amma na halarci jana'izar bayin Allah a maƙabartun garin nan, daga mu sai 'yan tsirarun Musulmin unguwa, iyali na can suna kuka ta waya ga bashi ya rage musu. Tambayar nan ba ta kore tawakkali.

Ina kuma so mu daina raina abin da yake hannunmu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Likitocinmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, ga su nan Ingila da Saudiyya suna rububinsu. Abin da suka rasa shi ne abin da Reddy da Shetty suka tarar ko suka ƙwato: wuta tsayayya, na'urar gashin daji da ba ta shekara a lalace, magani na gida, bashin banki mai sauƙi. A Abuja shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, amma kasafin tarayya yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo. Attajiranmu da suke biya wa mutane kuɗin zuwa Indiya, Allah ya saka musu da alheri, amma ina roƙonsu su duba: kuɗin tura mutum goma zai kafa ɗakin gwajin da zai riƙa auna maganin dashe a jini, ko ya ɗauki nauyin horar da matasan likitoci da ma'aikatan jinya a nan su koma gida. Asibitocin Indiya suna karɓar masu neman irin wannan horon.

Wanda kuma tafiyar ta zame masa dole, ya taho, akwai ƙwararru kuma ana dacewa. Ranar sallama kada ya fita sai da cikakken rahoton abin da aka yi masa, da faifan hotuna, da sunayen magunguna na asali ba na kamfani kawai ba, da lambar da likitansa na gida zai iya tuntuɓa. Ya kai wa likitan nan takardun a makon da ya sauka, ko da yana jin garau.

A gaida mutan gida, a sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku a Delhi.