Inda na kwana: daga Anselm zuwa hanyoyi biyar na Akwinas

'Yan uwa abokan karatu, a karatunmu na hujjojin samuwar Allah wajen malaman Kirista na da, na rufe Anselm na shiga Toma Akwinas. Dabarar nan ta rubuta kowace hujja layi-layi, a ja jan biro ƙarƙashin layin da bai zauna ba, har yanzu tana biya.

Hujjar Anselm gajera ce, amma santsi gare ta. A littafinsa Proslogion, da ya rubuta wajen 1078 yana gidan ruhubanawa na Bec a Normandi, ya ce Allah shi ne wanda ba a iya tunanin abin da ya fi shi girma. Abin da yake a zuci kuma yake a zahiri ya fi wanda yake a zuci kaɗai, don haka dole yana nan a zahiri. Wani ruhubani mai suna Gaunilo ya ce to shi ma ya ƙago tsibirin da babu kamarsa, sai a ce akwai shi ke nan? Anselm ya ba da amsa, ya kuma sa a riƙa kwafar sukar tare da littafin, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Jan birona dai yana kan layi na biyu. Akwinas ma bai karɓi hujjar ba.

Hanyoyi biyar ɗin da Akwinas ya bi don tabbatar da samuwar Allah suna farkon littafinsa Summa Theologiae, ba su fi shafi biyu ba. Ga inda nake so mu yi hattara, musamman mu da muka yi tauhidi a zaure. Kunnenmu ya saba da cewa duniya fararriya ce, kowane fararre kuwa yana da mai farar da shi, sai mu ɗauka Akwinas ma can ya nufa. Ba nan ya bi ba. Shi a ganinsa hankali kaɗai ba ya tabbatar da cewa duniya tana da mafari, wahayi ne ya faɗa. Bonabenture, wani malamin Kirista da suka yi zamani a Paris kuma suka rasu shekara ɗaya, 1274, shi ne ya ce hankali na iyawa.

Jerin sabubban da Akwinas ke magana a kai, wanda ya ce dole ya tsaya a kan na farko, na yanzu-yanzu ne. Misalinsa sanda ce da ba ta motsi sai hannu ya motsa ta. Kaka yana iya rasuwa jika ya ci gaba da haihuwa, wannan jerin bai dami Akwinas ba. Ku ɗauki guga a rijiya: igiya ko ta kai tsawon me, in babu mai riƙe da ita a sama, guga ƙasa zai yi. Da wannan a rai, hanya ta ɗaya (ta motsi) da ta biyu (ta sababi) sai su warware.

Ta uku ce ta riƙe ni. Ƙamshin Ibn Sina ne ke tashi a cikinta, wajibin samuwa da mai yiwuwar samuwa, kuma ba mamaki tunda an juya littattafansa zuwa Latin a Toledo tun ƙarni na 12. Sai dai Akwinas ya ce in komai mai yiwuwar gushewa ne, to akwai lokacin da babu komai. Daga "kowane abu yana da ranar gushewarsa" zuwa "akwai ranar da duk suka gushe tare", tsalle ne, kuma ban ga gadar ba tukuna. Wanda ya shimfiɗa wannan layin ya zauna masa, ya turo mana yadda ya jera shi kafin mu taɓa ta huɗu.