Taswirar zuciya kafin a ƙona

Lokacin da nake samun horo a wani asibitin zuciya a Indiya, wurin zamana gaban kwamfuta ne. Likita na tsaye sanye da rigar dalma yana murza kateta, wato siririyar wayar da ake zurawa cikin zuciya, ni kuma ina tattara abin da katetar ta ji ina haɗa taswira. Shi ke ƙonawa, amma inda taswirar ta nuna nan zai sa wuta.

Da lantarki zuciya ke bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti. Wani lokaci lantarkin kan sami ɓarauniyar hanya ya yi ta kewaye, bugun ya rikice. Maganin shi ne a gano hanyar a datse ta da ƙuna. Ta jijiyar matsematsi ake zura katetocin har cikin zuciya. Ta farko, mai ƙarafan ji 10, a jijiyar da ke kwance bayan zuciya ake ajiye ta, da ita ake auna lokacin kowace sigina. Sai katetar yawo, wadda ake tattara siginar taswira da ita. Na fi sabawa da PentaRay, mai yatsu biyar da ƙarafa 20. Akwai Lasso mai siffar zobe, wadda ake sawa a bakin jijiyoyin huhu, tun da Haïssaguerre da abokan aikinsa na Bodo a Faransa suka nuna a 1998 cewa daga nan karkarwar ɗakunan saman zuciya ta fi tasowa. Na'urar CARTO kuwa, wadda ake haɗa taswirar a kanta, da maganaɗisun da ke ƙarƙashin gado take sanin inda kateta take.

Wani dattijo daga Kano ya zo da ɗakunan saman zuciyarsa na bugawa kusan sau 300 a minti, na ƙasa 150. Ba a sa shi barci gaba ɗaya ba, don haka na zama tafinta kuma.

"Baba, a daure kada a motsa, kada kuma a ja dogon numfashi."

"To ɗana, tarin ma in haɗiye?"

"In zai zo, a faɗa mana tukuna."

Ba wasa nake ba. Majinyaci ya gusa kaɗan, taswira na nan inda take, zuciya kuwa ta bar wurin.

Kafin a jima allo ya cika da launi: ja inda lantarki ya fara isa, shunayya inda ya isa a ƙarshe, kuma su biyun suka haɗu bayan sun kewaye ƙofar da ke tsakanin ɗakunan dama. Da'irar ta fito sarai.

Launin nan yana da ruɗi, kuma a ganina shi ke cin sabbin shiga. A taswirar ƙarfin sigina, duk inda bai kai milibolt 0.5 ba kwamfuta za ta shafa masa ja, wato tabo. Amma katetar da ba ta taɓa nama sosai ba, tana lilo cikin jini, ita ma raunanniyar sigina za ta kawo. Kwamfuta kuma ta kan ɗauki bugun ɗakin ƙasa ta lissafa shi a na sama. Shi ya sa malaminmu ba ya karɓar launi sai an buɗe masa siginar wurin ya gani da idonsa. Ɗigon awo dubu a taswira da ba a tace ba bai kai ɗari masu kyau ba.

Likita ya ja layin ƙuna daga ƙofar zuwa bakin babbar jijiyar ƙasa. Ana tsakiyar ja, bugun ya koma daidai, Baba ya ce ya ji ƙirjinsa ya saki. Ba a tsaya ba, don komawar bugu ba ta nufin hanya ta toshe. Aka ƙarasa layin, aka aika lantarki daga kowane gefe, na sake zana taswira. Sai ga wata 'yar kafa kusa da jijiyar, lantarki na sulalewa ta ciki. Aka ƙona ta, aka jira kamar rabin awa, aka sake gwadawa ta ɓangarorin biyu, sannan aka zare katetocin.