Gyaran kwale-kwale da dalilin barina shagon Oga

Mutanen layin 'yan katako na Sabon Garin Zariya sun riga sun ji na bar shagon Oga, kuma kowa da irin labarin da aka ba shi. Wasu an ce musu aiki na ɓata, wasu an ce kaina ne ya kumbura. Da na so in yi shiru, sai na ga yaran da ke tasowa sun fara karɓar gyaran jirgin ruwa kamar yadda suke karɓar gyaran ƙofa ko kabad, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Zariya dai ba Yawuri ba ce, masu haɗa jirgi na gado ba su da yawa a nan. Amma in damina ta yi nisa, Agusta zuwa Satumba, kogin Galma ya cika ya batse, wanda gonarsa ke ƙetare ba shi da hanya sai kwale-kwale. Haka aikin yake faɗowa hannun kafintoci irinmu.

Wanda aka kira mu a kansa na wata ƙungiyar manoma ne a wani ƙauye da ke bakin Galma. Tsohon jirgi ne na maɗaci, dattawa suka ce wani Basarke ya haɗa shi tun suna samari. An bar shi a tudu, hunturu ya bi ta kansa, katako ya ja, haɗin alluna ya buɗe har kana hango ƙasa ta ciki. Wannan bai dame ni ba, don busasshen katako in ya sha ruwa yana komawa. Na ɗauki ƙusa inci huɗu da guduma na bi shi daga goshi har gindi. Lafiyayyen maɗaci in ka ƙwanƙwasa yana amsa maka tas, ƙusa kuma ba ta samun wurin shiga. Alluna uku na gefen hagu kuwa sai ka ji dif, ƙusar ta lume kamar a dafaffen rogo. Kewayen tsofaffin ƙusoshin duk ya yi baƙi ƙirin, tsatsa ta ci ƙarfen, ta ci katakon da ke riƙe da shi. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙasan jirgin da ya shekara da shekaru a ruwa lafiyarsa ƙalau. Inda yake jiƙewa ya bushe ya sake jiƙewa, da kusurwar da ruwan sama ke kwanciya, nan ruɓa take farawa.

Na gaya wa Oga alluna ukun nan sai an cire, a sa busasshen maɗaci, in ba a samu ba a sa kawo. A kan haka aka yi ciniki, ƙungiya ta biya, kuɗin da suka tara daga rake da tumatir ɗin rani.

Ranar da kaya suka iso, alluna biyu na gani, farin katako ɗanye sharaf, irin wanda muke bugawa a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa. Na ce, “Oga, wannan ɗanye ne, zai ja. Kuma ba zai riƙe ƙusa ba.”

Ya ce, “Ruwa fa zai shiga. In ya jiƙe ai kumbura zai yi.”

“Na ukun fa?”

“Buga masa kwano ka shafe da kwalta. Kai ne mai shagon ko ni?”

Oga ya san katako, ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya san ɗanyen katako ya riga ya ƙoshi da ruwa, babu sauran kumburin da zai yi, sai dai ya ja. A bazara muke, jirgin zai zauna cikin zafin Afrilu yana jiran ruwa. Ya san kwano a kan ruɓaɓɓen allo danshi kawai yake tarawa, ruɓar ta ci gaba a ɓoye. Ya kuma san kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, ta sama take zama, ta ɓamɓare. Amma in an shafe komai baƙi, manomi ba zai bambance maɗaci da farin katako ba. Yaron shago ba shi da ta cewa a kan kayan da aka sayo. Abin da na tsaya a kai guda ɗaya ne: na je wurin sarkin ruwa na ce, “Ranka ya daɗe, kada a ɗauki mutum ko ɗaya sai an jiƙa jirgin ya kwana biyu, sannan a loda masa buhunan yashi a gwada.” Abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, bai bar zuciyata ba. Wannan jirgin ma mata da yara zai ɗauka, da buhunan taki.

Aka yi gwajin a gaban dattawa. Babu kaya, jirgin ya tashi kan ruwa tsaf, Oga har yana murmushi. Da aka fara jera yashi ya nutsa zuwa daidai sababbin allunan, sai ruwa ya soma tsattsafowa ta ƙarƙashin kwanon, sannan ta haɗin da ya buɗe, audugar da muka cusa tana fitowa. Kafin a sauke buhunan ruwa ya kai idon sawu.

Oga ko gezau. Ya juya ya ce, “Ranka ya daɗe, yaran zamani ke nan. Na ba shi kaya masu kyau, ban san abin da ya yi da su ba.” Wato ban da ɓata aiki, har da sata. Sarkin ruwa ya sunkuya ya sa 'yar wuƙarsa ya kankare kwaltar, farin katako ya bayyana. Ya dubi Oga, ya dube ni, ya ce a fito da jirgin. Da muka koma shago aka ce an riƙe kuɗin aikina, wai na ja wa shago asara.

Bayan sati sai ga saƙo daga ƙauyen, ni kaɗai suke nema. Muka je da mutum biyu daga cikinsu suka ga maɗacin da idonsu kafin a biya. Samunsa ma aiki ne yanzu, manyan itatuwan sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma masu magani sun ɓare musu ɓawo. Na cire alluna ukun, na jefar da kwanon, na cusa auduga a haɗin ba tare da na danne ta da ƙarfi ba, don in ka cika matsewa katako ya kumbura sai ya tumɓuke ƙusa. Jirgin yana ƙetare Galma har yau. Wannan aikin shi Oga yake kira satar kwastoma.

Sauran abin da zan gaya wa yara ba shi da yawa. Jirgi in zai huta a kife shi a inuwa, a kan gungume, kada ya taɓa ƙasa saboda gara. A kwashe ruwan sama duk safiya. Ƙusar da ta yi tsatsa a cire ta, kada a buga wata a gefenta a wuce. Irin katakon da aka yi ciniki a kai kuma a rubuta shi a takarda, mai jirgi ya riƙe ɗaya, ko da kuwa maigidanka ne zai je sayowa.

Kuɗin aikina na bar wa Allah. Amma gizagona da zartona guda biyu suna nan a shagon, da kuɗina na saye su. Duk wanda yake shiri da Oga ya taimaka ya karɓo mini, ina wajen Tudun Wada yanzu.