Kafin Ka Ɗaure Jaka: Abubuwan Da Ke Hana Matafiyi Hawa Jirgi

Yawancin masu tafiya hutu ƙasar waje, hankalinsu na kan otal da tsaraba, alhali abin da ke mayar da mutum gida daga filin jirgi takarda ce. Don haka a fara da fasfo. Ƙasashe da yawa, har da Masar da Daular Larabawa, suna so ya kasance da sauran wata shida aƙalla kafin ya ƙare. Tun a wurin awon kaya za a tsayar da kai, domin in aka dawo da kai daga can, kamfanin jirgin ne zai sha tara.

Sai suna, wanda shi ne ya fi kama mu Hausawa. Fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed. Ko Abubakar a can, Bukar a nan. Ka ɗauki hoton shafin fasfonka ka tura wa wanda zai yanka maka tikiti, ya kwafa harafi da harafi, kada ka karanta masa ta waya. Gyaran suna bayan an yanka yana cin kuɗi, wani tikitin ma ba ya gyaruwa sai dai a sayi sabo.

Ka duba inda jirgin zai ya da zango. Daga Kano ana yawan bi ta Alƙahira ko Adis Ababa. Amma in tikitinka ya bi ta Faransa ko Jamus, mai fasfon Najeriya yakan buƙaci bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Arhar irin wannan tikitin sau da yawa tarko ce. Bizar Shengen (ta rukunin ƙasashen Turai da Faransa da Jamus ke ciki) ta yawon buɗe ido kuma tana buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000 aƙalla.

Allurar shawara, wadda wasu ƙasashe ke neman katinta, ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ba ana gobe tafiya ake zuwa ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Katin dai ya zama na gaske, ka ajiye shi cikin fasfo.

A jakar hannu, a yawancin filayen jirgi, duk wani abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba, kuma nan ne turaren mutane ke salwanta, ana ji ana gani a jefa humra a kwandon shara. Fawa bank kuwa akasin haka ne: a jakar hannu yake tafiya, ba a babban akwati ba, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Akwati yawanci kilo 23 ne, ka auna shi tun a gida. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Tarayyar Turai, goro kuma Saudiyya ba ta yarda da shi. Magani ya tafi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Tiramadol da kodin na iya kai mutum kurkuku a Masar da Dubai.

Wajen 'yan canji, ka nemi sabuwar Dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Tsohuwar, wasu wuraren su ƙi karɓa, wasu su karya mata farashi. Abin da ya haura Dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Ka raba kuɗin gida biyu, kada su kwana wuri ɗaya da fasfo. Cajarka mai baki uku za ta shiga a Ingila da Dubai, amma Turkiyya da Masar mai baki biyu zagayayye suke amfani da shi, sai da adafta.

Batun saƙo kuwa, a nan babu kunya. Ko ɗan uwa ne ya ce "don Allah miƙa wa wane", a buɗe a gabanka, in ya ƙi ka bar masa abinsa. Bayan awo ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka: in akwati biyu ka bayar, biyu za ka gani. Ka ɗauki hoton akwatunan da lambobinsu kafin su wuce ciki.