Sabon Malami da Binciken Siffar Furotin: Ta Ina Ake Farawa Idan Babu Manyan Injina?

Wanda ya kammala digirin digirgir a fannin nazarin siffar furotin ya dawo jami'ar gida ya kama aikin lakcara, abin da zai tarar shi ne jadawalin darussa cike maƙil, ɗalibai jingim, da ɗakin gwaje-gwajen da babu ko ɗaya daga injinan da ya saba taɓawa. Matsalar ta wuce jami'arsa. Duk faɗin Afirka babu sinkiroton, wato katafaren injin nan mai fitar da hasken eksire mai ƙarfi da ake haska kiristal ɗin furotin da shi. Sai an tsallaka zuwa irin su ESRF da ke Grenoble ta Faransa ko Diamond ta Ingila. A nan da yawa ke karaya, su koma rubuta takardu a kan ruwan ganyen da aka ɗura wa ɓeraye, fannin da suka yi shekaru suna koyo ya bi ruwa.

Gaggawa ce ke sa hakan. Ko a Turai ba kowace jami'a ke da sinkiroton ba, aikawa ake yi. Kwana ɗaya ya isa a ɗebi bayanan kiristal masu yawa, amma watanni ake yi kafin a samu furotin mai tsabta da zai yarda ya zama kiristal. Wannan aikin na watanni shi ne jarin sabon malami, kuma mafi yawansa ana iya yin sa a Zariya ko Kano ko Yamai.

Zaɓen furotin shi ne matakin da aka fi yin asara a kansa. Ka nemi wanda ke narkewa a ruwa, matsakaici, kamar kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 15 zuwa 40, wanda ba a maƙale yake a fatar ƙwayar halitta ba. Masu maƙalewar nan na da farin jini a manyan mujallu, sai dai suna cin kuɗi da shekaru, ba na mai farawa ba ne. Sannan ya zama yana da alaƙa da cutar da ke kusa da kai: zazzaɓin cizon sauro, sammoren shanu, dafin maciji, sikila. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana bin sinadarin sialidase na ƙwayar cutar barci, har ya samu kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Tsayawa a kan iyali ɗaya na furotin ne ke sa a san mutum da wani abu.

Kafin ka kashe ko kwabo, buɗe rumbun PDB, wato taskar intanet da ake ajiye siffofin furotin da aka riga aka gano. An kafa shi a 1971 da siffofi 7 kacal, yanzu ya haura 200,000, don haka ba mamaki wani ya riga ka. Idan ba a yi naka ba, saka jerin amino asid ɗinsa a AlphaFold ko ColabFold, manhajojin da ke hasashen siffar furotin. Kada ka ɗauki hoton da ya fito a matsayin sakamakon bincike, amfaninsa a nan shi ne ya nuna maka inda za ka yanke. Wurin da makin pLDDT, wato ma'aunin tabbacin hasashen, ya haura 90 tsayayye ne, wanda ya gaza 50 galibi jela ce mai lilo da za ta hana kiristal fitowa. Yi odar lambobin gadon furotin ɗin, gajeru da dogaye, guda uku ko huɗu, kada ka dogara da ɗaya. Idan na ƙwayar maleriya ne, wajibi ne a sake tsara lambobin gadonsa su dace da bakteriya, domin kusan kashi 80 cikin 100 na haruffan gadon Plasmodium falciparum A da T ne, kuma E. coli, bakteriyar da ake sa ta ƙera furotin ɗin, kan sarƙe wajen karanta su.

Hanyar da aka fi bi ita ce filasmid ɗin pET-28a, wato zoben DNA mai ɗauke da gadon furotin ɗin, cikin E. coli BL21(DE3), da maganin kanamaisin mikrogiram 50 a kowace mililita. A raini bakteriyar a digiri 37 har kaurin ruwan ya kai 0.6 zuwa 0.8 a ma'aunin OD600, sannan a sauke zafi zuwa digiri 18, a zuba IPTG, sinadarin da ke sa su fara ƙera furotin ɗin, milimola 0.1 zuwa 0.5, a bar su kwana. Wanda ya bar su a digiri 37 don ya gama da wuri, sau da yawa zai ga furotin ɗinsa ya fito da yawa amma ya cure a ƙasan kwalba, ba ya narkewa. Dalili kuwa bakteriyar na ƙera shi da saurin da ya fi ƙarfin naɗewarsa. Wajen fasa ƙwayoyin da injin girgiza, kwalbar ta zauna cikin ƙanƙara, a yi daƙiƙa 10 a huta 30, in ba haka ba zafi ya dafa shi. Daga nan sai matatar Ni-NTA, wadda ke kama furotin ɗin ta bar sauran su wuce: a wanke da imidazol milimola 20, a fitar da 250. Kowane mataki a ɗebi ɗan samfuri a gudu da shi a SDS-PAGE, gwajin da ke nuna kowane furotin a matsayin layi. Layi ɗaya mai kauri ba ya nufin an gama, domin furotin da ya dunƙule ma layi ɗaya yake bayarwa. Matatar da ke raba su bisa girma ce ke tona wannan asirin, kuma idan sashenku ba shi da ita, nan ne farkon inda za ka nemi abokin aiki.

Sai kiristal. Ana tattara furotin ya kai kamar miligiram 10 a mililita, a haɗa mikrolita 1 nasa da mikrolita 1 na ruwan gwaji a kan ɗan gilashi, a kife shi a saman rami mai mikrolita 500, a liƙe bakin da man giris. Ruwa na ƙaura daga ɗigon zuwa ramin sannu a hankali har furotin ya fara jeruwa. Babban abokin gabar wannan aiki a wurinmu zafi ne. Ana son digiri 18 zuwa 20 ba motsi, amma da an ɗauke wuta a watan Afrilu ɗakin ya haye 35, ɗigon ya bushe ko ya zama dusa. Shi ya sa a kasafin farko, inbata da batura na injin raino da firiza sun fi kowace sabuwar na'ura muhimmanci. Kuma kada ka yi saurin shela idan ka ga abu na walƙiya, gishiri ma na yin kiristal. Taɓa shi da allura: na gishiri tauri gare shi, na furotin kuwa marmashewa yake yi, kuma yana shan launin shuɗin metilin.

Daskarar da kiristal na buƙatar giliserol kashi 20 zuwa 25 da ruwan naitirojin, da tukunya ta musamman ta jigila, ga kuma ɗawainiyar kwastan. Ga mai farawa, ya fi sauƙi ya tabbatar furotin na fitowa da tsabta a gida, sannan ya aika filasmid ɗin a ɗige a takardar tacewa, ya bi shi da kansa na wata biyu ko uku zuwa ɗakin binciken da ke da rabon lokaci a sinkiroton. Maganar jerin sunaye a takarda a gama ta a rubuce tun kafin tafiya. Kunya ba ta da amfani a nan, wanda ya yi shiru zai tsinci sunansa a tsakiya a kan aikin da shi ya fara. Bayanan da ka dawo da su kuwa kwamfutar cinya ta ishe su, da manhajojin CCP4 da Phenix da Coot, duk kyauta ne ga malaman jami'a.

Akwai tarkon da ya kamata a faɗa a fili. Kwamitin ƙarin girma ƙidayar takardu yake yi, kuma gwajin liƙa magani a jikin furotin cikin kwamfuta na iya ba ka takarda a mako biyu. Aikin ba haramun ba ne, amma idan ba ka fara cire maganin da aka san mazauninsa ka mayar ba, ka ga ya koma wurinsa da tazarar da ba ta kai angistirom (ma'aunin tazarar atam) 2 ba, lambobinka ba su da ma'ana. Masu ba da tallafi na waje sun san wannan sarai. Takarda ɗaya mai lambar PDB taka ta kanka ta fi irin waɗancan goma nauyi a wurinsu. A gida kuma, nemi IBR, tallafin binciken cikin jami'a na asusun TETFund, ta hannun jami'arka don samar da sakamakon farko, da shi za ka tunkari NRF, asusun bincike na ƙasa, ko cibiyar kimiyya ta TWAS da ke Trieste ta Italiya.

Koyarwa ba sai ta cinye binciken ba idan ka haɗa su. A darasin himoglobin, buɗe siffofin PDB masu lamba 4HHB (himoglobin na lafiya) da 2HBS (na sikila) a manhajar PyMOL ko ChimeraX, ka nuna wa ɗalibai matsayi na 6 a sarƙar beta, inda amino asid ɗin balin ta maye gurbin gulutamet, da yadda take shiga aljihun himoglobin da ke maƙwabtaka da ita har su yi dogon zare. Da wuya a rasa mai ɗan uwa mai sikila a ajin, don haka za ka ga an nutsu. A darasin gwaji kuma yi amfani da laisozayim na farin ƙwan kaza, miligiram 50 a mililita, da sodiyam asitet mola 0.1 a pH 4.6 da gishiri kamar mola 1. Cikin kwana ɗaya ko biyu kiristal zai fito. Daga nan za ka gane masu sanyin hannu, su ne za ka raba wa aikin shekarar ƙarshe: wannan ya gwada zafin raino, wancan yawan IPTG, wata kuma ta gwada gishirin da furotin ya fi zama lafiya a cikinsa. Kowa ya rubuta komai a littafi mai ɗauri da kwanan wata, littafin kuma ya zauna a ɗakin gwaje-gwaje bayan sun tafi bautar ƙasa, tare da kwalaben bakteriyar da aka adana cikin giliserol a firiza biyu daban-daban.