Sana'ar ɗura harsashin manyan bindigogin farauta

Ni da ma'aikata biyu muke gudanar da wannan ɗan kamfani, kuma aikinmu shi ne ɗura harsashi da hannu, bisa lasisi, domin mafarautan da ke fuskantar manyan namun daji irin su ɓauna da giwa. Yawancin abin da ake nema a wurinmu bai wuce harsashi nau'in .375 Holland & Holland, wanda ya fito a Landan a 1912, da .416 Rigby na 1911, da kuma .458 Winchester Magnum na 1956 ba.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, da ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindinsa, da albarushi, da kan da ke fita. Kwanson da aka taɓa harbawa sai mun wanke shi, mun duba ko ya tsage, mun mayar da shi girmansa, mun datse bakinsa idan ya miƙe. Albarushi kuwa ɗaya bayan ɗaya muke auna shi a kan sikeli, ba ma ƙetare abin da littattafan masu ƙera shi suka ƙayyade ko da mai bindiga ya roƙa. Wasu kan zo suna neman ƙarin gudu, sai in tuna musu cewa zafin rana yana ƙara wa albarushi matsi, kuma kwanson da ya maƙale a bindiga ɓauna tana tahowa ya fi kowane rashin gudu muni. Saboda zafin ne ma aka yi wa .416 Rigby kwanso mai faɗi tun farko.

Inda na fi ba da hankalina shi ne matse bakin kwanso a jikin kan harsashi don kada kan ya motsa. Na koyi wannan ne da wuya, ranar da wani mafarauci ya dawo mini da harsashi uku ya ajiye a kan teburina bai ce uffan ba. Da na ɗora su kusa da sabo, sai na ga kan kowanne ya nutse cikin kwanso, domin duk harbi bindigar na ja da baya da ƙarfi, bangon gidan harsashi yana dukan hancinsu. A bindiga mai baki biyu kuma akasin haka ke faruwa, kan harsashin da ke jira a ɗaya bakin yakan zame waje. Laifina ne, kuma har yau ina jin nauyinsa.

Tun daga ranar, ba harsashin da ke barin hannunmu sai an gwada shigarsa da fitarsa a cikin bindigar mai shi, a filin gwaji, sannan a rubuta ranar ɗuri da awon albarushi a jikin akwatin.