Yadda muke sa saƙon awo ya nuna wa manhaja hanya

Mu huɗu ne a wani ɗan shago da ke bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari, kuma sana'armu ita ce rubuta manhajar da masu sayen riɗi da zoɓo ke aika bayanan awo da ita zuwa ga manyan 'yan kasuwar da ke fitar da kayan waje. Duk buhun da aka ɗora a sikeli, nauyinsa da farashinsa da lambar mai shi suna tafiya ne cikin saƙon XML, wato wani tsarin rubuta bayanai da kwamfutoci ke iya karantawa, zuwa kwamfutar babban ɗan kasuwar, ita kuma ta maido da amsa.

Da farko kafe adireshin intanet na kowane mataki muke yi a cikin manhajar: ga inda za a kai awo, ga inda za a karɓo rasit. Wata Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, wani kamfani ya sauya adiresoshinsa bai sanar da mu ba, motoci uku suka wuni a tsaye, manoma kuma suna zaune a rana suna jiran kuɗinsu. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin gumin mutane ne ya maƙale a kan layi guda na rubutunmu.

Maganin da muka samu daga tsarin Atom na shekarar 2005, wanda shafukan intanet ke raba sabbin labaransu da shi, muka aro shi, inda kowane mahaɗi, wato layin da ke nuna wani wuri a intanet, ke ɗauke da abu biyu: href, wato adireshin da za a je, da rel, wato dangantakar wurin da saƙon da ke hannu. Yanzu ƙofar shiga, wato adireshin farko, kaɗai manhajarmu ta sani. Idan amsa ta zo, sai ta nemi mahaɗin da aka yi wa suna next domin ci gaban jerin buhuna, ko payment domin biya, ta bi duk adireshin da ta tarar a wurin, ko da jiya ba shi ba ne. Sunayen nan ba mu muka ƙirƙira ba, hukumar IANA mai kula da sunaye da lambobin intanet ce ke riƙe da rajistarsu, shi ya sa kwamfutar da ba ta taɓa hulɗa da tamu ba take gane su. Tushen tunanin kuwa yana cikin kundin digirin da masanin kwamfuta Roy Fielding ya rubuta a 2000.

Mun gwada XLink, wani tsarin mahaɗai na XML wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 2001, yana kuma iya ɗaure takardu da yawa da mahaɗi ɗaya, amma a ganina ya yi wa aikin awo nauyi, sai muka ajiye shi.

Wahalar da ta rage ita ce shawo kan manyan 'yan kasuwar su riƙa sa mahaɗan a cikin amsarsu. Biyu daga cikinsu har yanzu ba su yarda ba, don haka duk Laraba bayan la'asar nakan buga musu waya in tambaya ko an taɓa adireshi kafin gobe kasuwa.